Ɓauren Ba'al: Tafiyata Ba'alabakka

Tun ina yaro nake jin sunan garin nan a wurin tafsirin azumi na unguwarmu. Duk shekarar da aka kawo Suratus Saffati, mai jan baƙi ya ja "Atad'una Ba'alan wa tazaruna ahsanal khaliƙin", sai malam ya fassara: ashe kwa riƙa kiran Ba'alu, ku bar Mafi kyawun masu halitta? Daga nan ya duba Jalalaini ya ce Ba'alu gunki ne na zinariya da mutanen Annabi Ilyasu suke bauta wa, kuma daga sunansa garinsu ya samo suna, Ba'alabakka, can ƙasar Sham. Ni dai na ajiye garin a jerin garuruwan Adawa da Samudawa, waɗanda sai a ƙissa ake jin su.

A watan Satumba na 2018 na je Bairut ɗaurin auren ɗan wani abokin kasuwancina, ɗan Labanon, irin waɗanda muke kira Kwara a Kano. A Fagge aka haife shi, in yana Hausa a bayan labule ba ka ce ba Bakano ba ne. Muna hira bayan biki na ambaci garin, sai ya ce, "Malam, Ba'alabak? Ai tafiyar awa biyu ce daga nan. Gobe in haɗa ka da direba." Daren nan da ƙyar na runtsa.

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Dimashƙa. Daga bakin teku mota ta fara hawa, kwana bayan kwana, har kunnuwana suka toshe. A Dahrul Baidar, inda hanya ke tsallake ƙololuwar dutsen a tsayin kusan mita 1,500, wani sanyi ya bugo kamar na tsakiyar hunturu. Muna karya kwana sai ga kwarin Biƙa'a a ƙasa, shimfiɗe kamar tabarma mai launi-launi tsakanin duwatsu biyu. Muka karya kumallo a Shatura da gurasa mai laushi da aka shafa wa labna da man zaitun, muka wuce Zahla, muka miƙe arewa. Gonakin dankali da na inabi, shingayen sojoji, da tantunan 'yan gudun hijirar Siriya a gefen gonaki, yara suna wasa a ƙura.

A wannan hanya aka yi abin da ya juya mini tafiyar gaba ɗaya. Direban ya tsaya wurin wata dattijuwa da ta jera kwandunan ɓaure a bakin titi. Ɓauren ƙanana ne, fatarsu ta ɗan yamutse, wasu sun tsage ana ganin jan cikinsu. Ta miƙo mini ɗaya tana cewa, "Duƙ, ya ibni, haida tin ba'al." Wato ɗanɗana ɗana, wannan ɓauren ba'al ne. Na tsaya da ɓauren a hannu. Na ce wa direban, "Mu'allim, me ta ce?" Ya ce, "Ba'al, ya Hajji. Ba a yi masa ban-ruwa ba, ruwan sama kaɗai ya sha. Shi ya sa ya fi tsada, ya fi zaƙi." Ya ce haka suke faɗa wa tumatir da inabi da kankana, kuma gonar da ba ta da rijiya ba ta da kwata, sai abin da sama ta ba ta, ita ce "ard ba'al". Na gutsura. Zaƙinsa ya kama harshe kamar zuma, 'ya'yan cikinsa suna ƙaras-ƙaras a haƙori.

Nan take wani karatu ya dawo mini. A Muwaɗɗa, babin zakkar amfanin gona, hadisi ya zo cewa abin da sama ta shayar, da idanun ruwa, da "al-ba'alu", a fitar da ushiri, abin da kuwa aka shayar da wahalar ɗiban ruwa a fitar da rabin ushiri. Na karanta wurin nan a zaure, malam ya ce mana ba'alu shi ne shukar da ke sha da saiwarta ba tare da an ba ta ruwa ba. Shekara da shekaru ina ɗauke da ayar a gefe guda, hadisin a gefe guda, ban taɓa haɗa su ba sai a gaban kwandon tsohuwar nan.

Kafin shiga gari muka ratsa inda mutanen zamanin da suka sassaƙo duwatsun da aka gina tsohon haikalin garin da su. Akwai wani dutse guda da aka sassaƙa ba a ɗauke ba, yana kwance a karkace, sun sa masa suna Hajarul Hubla, dutsen mai ciki. Nauyinsa wajen tan 1,000. A 2014 masu tono na Jamus suka gano wani a gefensa, a ƙarƙashin ƙasa, da ya kai tan 1,650. Na hau kan Hajarul Hubla na taka daga wannan ƙarshe zuwa wancan, taku sama da ashirin.

Mutanen gari ba sa cewa haikali, "Ƙal'a" suke cewa, wato ganuwa. Muka ɗauki ɗan rakiya, wani dattijo mai farin gashi da ya ce malamin makaranta ne kafin ya yi ritaya. Muka haura matakala, muka ratsa wani fili mai kusurwa shida, muka fito babban tsakar gida inda ake yanka dabbobin baiko. Can sama ga ginshiƙai shida a tsaye, kowanne tsayinsa wajen mita 20, kaurinsa ya haura mita biyu. Mutum huɗu sai sun haɗa hannu da ƙyar kafin su zagaye ɗaya. Asali 54 ne. Girgizar ƙasa ta 1759 ta same su tara, ta bar shida. A bayan ginin, cikin katangar tushe, akwai duwatsu uku jere da juna, kowanne wajen tan 800.

Abu na farko da dattijon ya gyara mini shi ne zamani. Ya ce, "Ustaz, waɗannan duwatsun ba su ga Annabi Ilyasu ba." Rumawa ne suka gina haikalin a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, kusan shekara 900 bayan zamanin da masu tarihi ke sanya Ilyasu. Sun kira garin Haliyobolis, birnin rana, sun kira abin bautar Jufita. Amma ya nuna mini hoton gunkin a wani littafi da yake yawo da shi: bulala a hannun dama, aradu da zangarniyar alkama a hagu, bijimai biyu a gefensa. Ya ce wannan ba shigar Ruma ba ce. Tsohon mai gidan ne, Hadad, wanda Kan'aniyawa ke kira Ba'al, aka canza masa riga da suna. Ƙarƙashin tsakar gidan ma an tono kufan gari da ya girmi Rumawa da dubban shekaru.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bai kai ginshiƙan girma ba. Wani ɓangare ne na rufin da ya faɗo, yana ajiye a ƙasa, an sassaƙa kan zaki a jikinsa, baki buɗe. Na sa hannu cikin bakin, na ji rami ya zarce ta baya. Indararo ne. In an yi ruwa, ta bakin zakin nan yake kwararowa daga soron haikalin. Na daɗe tsugune a wurin, yatsuna suna bin sawun gizago a gashin wuyansa, ina tunanin mutumin da ya zauna ya ƙawata hanyar ruwan sama haka.

Domin Ba'al, in aka tattara zancensa, ruwa ne. A Sham damina da sanyi take zuwa, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, bazara kuwa ko ɗigo babu. Ba su da kogi kamar Nilu da za su dogara da shi. Dattijon ya ba ni labarin yadda aka san abin da mutanen ke faɗa da bakinsu. A 1928 garmar wani manomi ta ci karo da dutsen kabari kusa da Lazikiyya a gaɓar Siriya. Shekara ta gaba Bafaranshe Claude Schaeffer ya fara tono a Ras Shamra, aka fito da tsohon birnin Ugarit, da allunan yumɓu da suka haura shekara 3,000. A cikinsu ana yi wa Ba'al kirari da mahayin gizagizai, fadarsa a kan Dutsen Safon, wanda yau ake kira Jabalul Aƙra'. Ya yi yaƙi da Yam, wato teku, ya yi nasara. Sai Mot, wato mutuwa, ya haɗiye shi, ƙasa ta bushe. 'Yar'uwarsa Anat ta kama Mot, ta tsaga shi, ta sheƙe shi, ta ƙona, ta niƙa, ta watsa a fili. Ba'al ya dawo, sama ta zubo da mai, rafuka suka gudana da zuma.

Ɗan manomi ne ni. Da na ji "ta sheƙe, ta niƙa, ta watsa", na san bakin masu hatsi ne ya tsara zancen nan. Na san kuma abin da ke cikin mutum idan ya yi shuka ruwa ya ɗauke, gero ya fara murɗewa, hadari ya haɗu da la'asar iska ta watsar da shi. Na ga shekarar da aka fita sallar roƙon ruwa a ƙauyenmu, dattawa sun juya riguna, yara suna kuka. A da ina ɗaukan masu bautar Ba'al wawaye ne kawai. A can na fahimci tsoron fari ne ya kai su, irin tsoron da na sani, sai dai sun kai kukansu ƙofar da ba mai amsawa. Wannan ya ƙara mini ganin girman abin da Annabi Ilyasu ya tunkara. Ba wasa ba ne ka tsaya gaban mutane masu jiran hadari ka ce musu wanda suke ganin shi ke riƙe da shi ba ya riƙe da komai.

A Littafi Mai Tsarki ma a kan ruwan aka yi ta. Sarki Ahab ya auri Yezebel, 'yar Etba'al sarkin Sidon, ta zo da bautar Ba'al. Iliya, wato Annabi Ilyasu, ya ce ba ruwa ba raɓa, aka shiga shekara ta uku ana fari. Aka haɗu a Dutsen Karmel, shi kaɗai, su annabawan Ba'al 450. Suka yi ta kira tun safe ba amsa. Ya roƙi Ubangiji, wuta ta sauko, daga baya wani ɗan girgije kamar tafin hannun mutum ya taso daga teku, aka kece da ruwa. Direbanmu, wanda Kirista ne, ya ce da wuya ka yi tafiya mai nisa a Labanon ba ka ga cocin Mar Ilyas ba, da yawansu a kan tudu, kuma ranar 20 ga Yuli ake idinsa.

Sunan kuwa ya rabu hanya-hanya. Wata hanyar ta gangara da shi: Ba'alzabub na garin Ekron, ubangijin ƙudaje, wanda masana da yawa ke ganin gatse ne aka yi wa kirarinsa na Ba'al Zabul, Ba'al mai sarauta, shi ne a Linjila ya zama sunan shugaban aljanu. Wata ta tsallaka teku da Finikiyawa zuwa Kartaj a Tunisiya ta yau, yana nan a ƙarshen sunan jarumin yaƙinsu Hannibal. Wata kuma ta bar shi a ma'anarsa ta asali, mai abu, mai gida. Mu ma da kalma ɗaya muke kiran miji da mamallaki: maigida. A Suratu Hud, da aka yi wa Saratu bushara da ɗa, cewa ta yi "wa haza ba'ali shaikhan", ga maigidana tsoho. Kalmar da aka zargi mutanen Ilyasu a kanta, ita ce matar Annabi Ibrahim ta kira mijinta da ita, domin laifin ba a harafin yake ba.

Sauran yinin muka yi shi da sauri. Haikalin da ake jingina wa Bakus, abin bautar Rumawa na giyar inabi, yana tsaye kusan cikakke, ƙofarsa ta kai mita 13, kuma a bangonsa akwai allon tunawa da zuwan Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu a 1898. Dattijon ya nuna mini inda Kiristoci suka gina coci a tsakar gidan a ƙarshen ƙarni na huɗu, da katangun da Musulmi suka ƙara bayan garin ya shiga hannun rundunar Abu Ubaida ɗan Jarrah. Na yi azahar a tsohon masallacin Umayyawa, cikin ginshiƙan da aka ɗebo daga gine-ginen Rumawa. A garin nan aka haifi Imam Auza'i. Muka ci safiha, 'yar gurasa mai kusurwa huɗu da naman rago a tsakiya, a matsa lemon tsami a kai, muka sha ruwan sanyi a Ra'asul Ain. A Nuwamban 2024, da na ji bama-baman Isra'ila sun faɗa dab da Ƙal'a, dattijon nan da tsohuwar mai ɓaure na fara tunawa.

A hanyar dawowa na sa direba ya sake tsayawa wurinta, na sayi busasshe kilo biyu. Da na koma gida na kai wa Baba ƙauye, na tarar ana ɗaurin gero. Yana zaune a gindin ɗorawa, ana jera dammuna, yana ƙirga goma yana sa a ware ɗaya. Na zauna na ba shi labarin tun daga Dahrul Baidar har bakin zaki. Ya saurara yana tauna ɓauren a hankali, sannan ya ce, "Su ma can sai sun jira sama?" Na ce, "Sai sun jira, Baba." Ya gyaɗa kai, ya ɗauki wani ɓauren, ya ce wa ƙanina, "Kai, nawa muka tsaya? Ɗauko na goman ka ajiye can."