Ɗan ƙwallo da abin da ya yi a ɓoye

Jiya a fadarmu ta Zengou shayi har ya huce saboda gardama kan John Terry. A 2010 Capello, mai horar da 'yan ƙwallon Ingila a lokacin, ya karɓe masa kyaftin ɗin Ingila bisa zargin neman tsohuwar budurwar Wayne Bridge, abokin wasansa. Malam Sani ya ce: "Kai ƙanena, ƙwallo muke kallo, ina ruwanmu da ɗakinsa?"

Ni dai ban yarda duka ba. Tsakanin mutum da iyalinsa, Allah ya rufa asiri, ba na tonawa. Amma wannan cin amanar wanda kuke sa riga ɗaya ne, kuma kai ne shugaba. Ko a filin kokowa, sarkin da ya ɗauki takobi, yaran Damagaram har tafiyarsa suke kwaikwayo. Terry ya ci gaba da buga ƙwallonsa, ba wanda ya hana. Kyaftin ɗin ne bai dace da shi ba.