Lahadin da Muka Yi Tseren Keke

Tun kafin kiran assalatu na farka, domin barcin ma rabi da rabi na yi shi. Duk juyin da na yi sai lissafin ruwan leda da rigunan 'yan tsere ya faɗo mini a rai. Da aka idar da sallar asuba ban tsaya lazimi kamar yadda na saba ba, na wuce shago kai tsaye, na tarar babban yarona ya riga ni, yana loda kwalin tif da famfuna biyu da akwatin sifana a bayan a-kori-kurar da muka ɗauko haya. Hunturun bana ya sauka da ƙarfinsa, hazo ya rufe gari har fitilar babur ba ta haska fiye da taku kaɗan, ga sanyin da ke sa ƙarfe ya ciji hannu idan an taɓa shi.

Wannan ita ce shekara ta uku da shagona yake ɗaukar nauyin tseren keken da samarin unguwarmu suke shiryawa. Idan aka ce ɗaukar nauyi, mai ji zai zaci wani babban abu ne, alhali shagon gyaran kekuna ne da sayar da kayansu, mai ƙofa ɗaya, wanda na gada daga mahaifina. Shi ya buɗe shi tun zamanin da ake harhaɗa kekunan Raleigh a nan Kano, lokacin da malamin makaranta ko ma'aikacin En'e yake tara albashi ya sayi Rali sabo, a taru a yi masa barka. Daga baya babura suka cinye kasuwar, muka shekara da shekaru muna zaman faci da ɗaurin birki. Sai da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sannan mutane suka soma zaro tsofaffin kekunansu daga bayan ɗaki suna kawo mana. A ribar wannan shekarar na fara ware wani abu domin tsere, ina ganin abin da keke ya kawo ya dace keke ya ci rabonsa a ciki.

Abin da na ɗauka a bana shi ne riguna 50 masu sunan shago a baya, da kyautar mutum uku na farko a kowane rukuni, da gyara kyauta ga duk wanda kekensa ya lalace a hanya. Mai gidan burodin layinmu ya ba da burodi, mai kamfanin ruwan leda ya ba da jaka 30, mai kemis kuma ya ba da akwatin taimakon gaggawa ya haɗa mu da wata ma'aikaciyar jinya. Akwai wani babban kamfani da muka kai wa takarda tun wata uku da suka wuce, suka karɓe mu da fara'a, suka nemi a aika musu hoton ƙyallen talla domin su ga inda tambarinsu zai zauna, amma har yau ko amsar waya ba su ƙara yi ba. Na yi kuskuren buga ƙyallen da gurbinsu a tsakiya, sai jiya da dare muka liƙe wurin da farar takarda.

Kuɗin rajista da duk abin da aka tara a wurin na masu cutar sikila ne, kuma ba a banza muka zaɓi hunturu ba. Wanda ya taɓa zama da mai sikila ya san sanyi da bushewar jiki suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, ya san daren da yaro zai riƙe gwiwa yana kuka har gari ya waye. Ɗan ƙanwata da shi aka haife shi, shekararsa tara yanzu, kuma tun da sanyi ya shigo sau biyu ana kwantar da shi. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan cuta, amma kuɗin magani da na ƙarin jini a kan iyaye yake, mafi yawansu kuwa masu neman na yau ne.

Ƙarfe bakwai saura muka isa wurin tashi, gaba kaɗan da kasuwar goro ta Mariri a kan titin Maiduguri. Tsarin shi ne a nufi wajen Wudil, a juyo a daidai kilomita 20, a dawo inda aka tashi. Lahadi muka zaɓa domin ranar Juma'a kasuwar Wudil take ci, motocin shanu ba za su bar kowa ya numfasa ba. Jami'an kiyaye haɗurra sun cika alkawari, sun zo da mota ɗaya za ta shiga gaba, 'yan sintirin unguwa kuma suka rarrabu a mahaɗar hanyoyi da jajayen tutoci.

Aikin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne duba kekuna, kuma a nan ne mutum yake ganin ainihin halin da wasan nan yake ciki a wurinmu. Mutum 43 suka yi rajista. Goma sha ɗaya ne kawai suke da keken tsere na gaske mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, dukkansu kuma na gwanjo ne da aka shigo da su daga Turai. Sauran kekunan kasuwa ne, Phoenix da ire-irensa, an kwance kariya da madigadi domin a rage nauyi. Wani yaro ya turo mini nasa, na duƙa na ga tayar gaba ta tsage ta gefe, an ɗinke ta da zaren buhu an shafe da gam, birkin baya kuma babu roba ko ɗaya, ƙarfe ne yake gugar ƙarfe. Na tambaye shi da me yake tsayawa, ya ɗaga ƙafa ya nuna mini tafin silifas ɗinsa da ya cinye ta gefe guda. Na ce masa, "Yaro, ba za ka hau wannan a tserena ba." Idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce, "Baba, daga Gezawa na taso da shi tun duhu." Ban da abin cewa, na sa aka ciro taya ɗaya da robar birki daga cikin kaya, muka ɗaura masa cikin minti goma, ban rubuta a littafin bashi ba. Hular kwano guda 18 muke da ita, wadda na tattara a hankali cikin shekara uku, sauran suka tashi da hular sanyi, abin da har yanzu yake damuna.

A cikin masu keken tsere akwai yaron da nake ɗaukar nauyinsa shi kaɗai duk shekara. Shekararsa 17, rarraba burodi yake yi da keke tun asuba, kuma a nan na lura da shi, don na taɓa bin sa a babur na ga yana hawa gada da kwandon burodi uku bai tashi daga sirdi ba. Na haɗa masa keke daga ɓaraguzan da suka taru a shago, na sa masa giyar Shimano ta hannu, na ɗauki alkawarin taya da sarƙa da kuɗin mota idan za a je gasa a wani gari. Sharaɗina biyu ne: kada ya bar makarantar dare, kuma kada ya hau titi ba hula.

Mai unguwa ne ya busa usur ƙarfe bakwai da rabi. Muka bi su a baya cikin a-kori-kura, ni a tsaye ina riƙe da ƙarfe, ƙura tana shiga mini ido. Kafin kilomita biyar an rabu gida uku. Masu keken tsere suka jera a layi ɗaya kowa yana fakewa a bayan na gabansa saboda iska, domin tafiyar gabas a wannan lokaci gaba da gaba ake yi da iskar hunturu, wanda ya tsaya a gaba shi yake shan wahalar, sai ya gaji ya zame gefe wani ya karɓa. Wannan dabara sai da muka yi wata biyu muna koya musu, don da farko kowa gani yake idan ya bari wani ya shiga gabansa an ci shi. Faci bakwai muka yi a hanya. Na biyar shi ne na yaron nan nawa mai rabon burodi, jim kaɗan bayan juyowa, yana cikin mutum huɗu na gaba. Ƙaramar waya ce irin ta tsohuwar tayar mota ta shige. Na diro tun motar ba ta gama tsayawa ba, amma yatsuna sun sandare da sanyi, cokalin cire taya ya kuɓuce mini har sau biyu, shi kuwa yana tsaye a kaina yana haki, bai ce komai ba sai "Maigida, a hankali." Aikin da nake yi cikin minti biyu a shago ya ci kusan biyar. Ya hau ya bi su shi kaɗai, ya ƙare a na shida.

Wanda ya zo na ɗaya wani tela ne daga cikin birni, ya yi tafiyar cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Yaron Gezawa ya zo na uku a rukunin kekunan kasuwa, ya karɓi kyautar sabuwar sarƙa da tif biyu da naira 5,000, ya riƙe su a ƙirji kamar za a ƙwace.

Kafin a raba kyaututtuka ma'aikaciyar jinyar ta karɓi lasifika ta yi bayanin da na fi jin daɗinsa a duk ranar. Ta ce idan mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ya ciwon, ya auri mai AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai sikila, kuma ba wai idan an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba, kowane ciki lissafinsa daban. Ta tuna wa samarin cewa tun 2024 Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, har da wanda ke nuna ko mutum AS ne ko SS, ta roƙe su su yi gwajin tun kafin soyayya ta yi nisa, kada a bari sai an kai lefe. Samari suka yi ta dariya suna zungurin juna, amma na ga da yawa sun tsaya tambayarta daga baya. Da aka zazzage kwalin taimako aka haɗa da kuɗin rajista, an sami naira 118,500, aka ƙirga a gaban mai unguwa da liman, aka damƙa wa iyaye biyu da ke wakiltar masu jinya.

Muna cin burodi a gindin darbejiya hira ta koma kan manyan 'yan tsere. Yaran nan sun san Biniam Girmay na Eritiriya fiye da yadda na zata, sun san ya ci zango uku a babbar gasar keke ta Faransa, Tour de France, ta 2024 ya tafi da koriyar rigar da ake bai wa wanda ya fi tara maki, sun kuma kalli gasar keke ta duniya da aka yi a Kigali ta Ruwanda a watan Satumban 2025 ta waya, karon farko da aka kawo ta Afirka. Na ba su labarin Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta Faris a 2024, sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga tseren cikin fili da shi. Na ce musu idan wadda ta kai wannan matsayi ta hau keken aro, to mai tayar da aka ɗinke da zaren buhu ba shi da abin jin kunya. Na ƙara da cewa 'yan uwanmu na Burkina Faso suna gudanar da nasu tseren, Tour du Faso, tun 1987, kuma ba don sun fi mu kuɗi ba ne. Wani dattijo da ke sauraro ya tambaya ko badi za a bar 'yan mata ƙanana su yi nasu a filin makaranta, domin jikarsa ta fi yayyenta iya keke. Na ce masa zan kai maganar gaban kwamiti.

Maganar da ta tsaya mini a rai ta wani aminin mahaifina ce, wanda ya ja ni gefe bayan an watse, ya nuna rigunan da ke ɗauke da sunan shago ya ce, "Ɗana, sadaka da lasifika? Ka kiyayi riya." Na rusuna na ce, "Gaskiya ne, Baba, Allah ya ƙara girma." Na yini ina juya maganar. Abin da na tsayar a zuciyata shi ne riguna da ƙyalle talla ce, ba zan kira su sadaka ba, kuma ina sa ran su kawo mini ciniki, domin bara bayan tsere mutane da yawa sun zo suna cewa a rigar wane suka ga sunan. Idan shago bai ci riba ba, badi babu mai sayen tif ɗin da za a raba. Abin da na sa a kwalin masu sikila kuwa, da tayar yaron Gezawa, wannan ba na so ya shiga lasifika, kuma na yi nadamar yadda mai gabatarwa ya ambaci sunana har sau huɗu yana kirari. Badi zan hana shi tun da wuri.

Bayan isha'i na zauna da littafin shago, uwargida tana shafa mini man zafi a yatsu tana cewa na manta shekaruna. Abin da na kashe ya zarce abin da na ware da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma riguna bakwai sun rage. Ina cikin lissafin yarona ya yi sallama, ya kawo keken a wanke, ya ce tun kafin facin yake jin ƙara a gindin feda idan ya taka da ƙarfi. Na juya fedar da hannu na saurara, boris ne ya fara ci. Na ce ya bar shi a zaure, gobe idan ya gama rabon burodi ya same ni a shago mu kwance shi tare, ya kuma zauna ya yi ta cire taya yana mayarwa har sai hannunsa ya fi nawa sauri.