Jakunkunan iska a bayan Hilux: inda aikin ya kai a mako na uku

'Yan uwana masu koyon gyaran mota da hannunsu, ga inda na tsaya a aikin da na fara makonni uku da suka wuce. Abin da ya sa na fara shi ne, duk lokacin da na ja tirelar shinkafa shanshera daga fadamar Argungu zuwa Birnin Kebbi, bayan motar yakan zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako a hannu, fitilu kuma su riƙa kashe wa masu tahowa ido.

Kafin in taɓa sifana, na auna tsayin motar babu kaya, daga ƙasa zuwa bakin bodin da ke saman tayar baya, na rubuta a takarda, domin da wannan awon ne zan san yawan iskar da ta dace. Jakunkunan guda biyu ne na roba mai kauri, kowace tana zama tsakanin shasi da aksil, tana taimaka wa sifirin ba tare da ta maye gurbinsa ba. Ɗaura su yini guda ya ɗauke ni.

Tiyo ne ya ci mini lokaci. Da farko na haɗa jakunkunan biyu da bawul ɗaya don sauƙin bugawa, sai na lura cewa a kwana, idan nauyi ya danne gefe guda, iskar takan gudu zuwa ɗaya gefen, motar ta ƙara karkata. Na raba su, kowace da bawul ɗinta kusa da lambar motar, na kuma nisanta tiyon da salansa saboda zafi. Da na shafa ruwan sabulu a mahaɗai, ta hagu ta yi ta kumfa, ashe na yanke bakin tiyon a karkace da filaya. Na sake yanke shi a miƙe da reza, kumfar ta tsaya.

Takardar da ta zo da kayan ta ce kada iska ta gaza psi 5 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iska, irin wanda ake auna taya da shi) ko da babu kaya, kada kuma ta wuce 100. Da tirela a ɗaure, psi 35 ya mayar da motar daidai tsayin da na rubuta.

Nan ne nake roƙonku ku kula. Da wani maƙwabcina ya ga motar ta miƙe, sai ya ce in ƙara buhu biyar, na ƙi, domin jakar iska ba ta ƙara wa mota ƙarfin ɗauka ko na ja. Burki, aksil da tayoyi suna nan yadda kamfani ya ƙera su. Ina kuma jera buhuna yadda kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela zai hau kan ƙugiya, saboda idan ya gaza haka tirelar takan yi lilo.

Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan gwada ta a hanyar Jega, in dawo in sake ɗaure notuna, washegari da asuba in sa geji in ga ko iska ta ragu cikin dare.