Lambobin Baba Tsoho da Janar Wingate

Bayan rasuwar Goggo ne muka buɗe tsohon akwatin ƙarfen Baba Tsoho, kakanmu, sai ga lambobin soja guda uku a ƙulle cikin tsumma, biyu masu siffar tauraro mai tsini shida ɗaya kuma kamar tsohon sule da kan Sarki Joji na shida. Mun dai san ya je yaƙin Bama, kuma Kawu ya ce yana yawan ambaton wani bature wai Wingate, shi ke nan abin da muka sani.

Wautar farko da na yi, na samo toka da lemun tsami na dirje tauraro ɗaya wai don ya yi ƙyalli. Ya yi ƙyallin kam, amma duk ya kakkarce, ƙyallen ma da na wanke launin ya zuba. Don Allah in kun samu irin wannan ku bar shi da dattinsa, tsumma mai laushi ya isa. Allah ya so ban taɓa ɗayan ba, da ƙyallensa na gane Burma Star ce, ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan goro. Ni da na ɗauka lambar jarumta ce har na fara cika baki a gidan, ashe duk wanda ya yi aiki a fagen Bama daga Disamba 1941 zuwa Satumba 1945 ana ba shi. Na juya bayanta ina neman suna, wayam, babu komai.

Shi kuwa baturen, wallahi ko awa ɗaya ban yi da waya ba na gama sanin rayuwarsa. Orde Wingate, an haife shi a Indiya 1903, ya yi shekaru a rundunar tsaron Sudan, daga nan Falasɗinu inda ya kafa rundunar sintirin dare ya samu DSO, wata lambar yabo ta hafsoshin sojan Birtaniya, a 1938 (Larabawan can ba su tuna shi da alheri, wannan ma sai a faɗa). A 1941 ya jagoranci Gideon Force a Habasha suka taimaka aka kori Italiya Haile Selassie ya koma gadonsa, aka ƙara masa DSO ta biyu, ta uku kuma ta Bama ce, shigar farko da Chindits, rundunarsa ta musamman, suka yi bayan layin Japan a 1943. In an ƙara wa mutum ba sabuwa ake ba shi ba, ɗan ƙarfe ake liƙawa a kan ƙyallen, na jima kafin na gane haka. Jirginsa ya faɗi a Manipur ta Indiya ya mutu ranar 24 ga Maris 1944, yana Manjo Janar, shekara 41. Irin waɗannan lambobi da ƙarin girman hafsoshi duk a London Gazette, jaridar gwamnatin Birtaniya, ake bugawa, kuma tana intanet kyauta.

Inda na kusa yin kwaɓa shi ne da na ga akwai sojojinmu na Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma cikin Chindits na ce to ai shi ke nan Baba Tsoho ɗan Chindit ne. A'a. Birged ta 3 kaɗai aka ciro aka ba Wingate don farmakin 1944, bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Nigeria Regiment, sauran rundunar kwarin Kaladan da ke Bama suka nufa. Wato sai na san bataliyarsa, kuma ba a sani sai da lambarsa ta soja ko takardar sallama.

Na kira Kawu na ce Kawu, wai babu wata takarda da Baba Tsoho ya bari? Ya ce akwai wani ɗan littafi da yake ɓoyewa a ƙarƙashin buzun sallarsa, amma tun damunar da ɗakin ya rushe bai sake ganinsa ba, sai dai a tambayi Inna ta Zariya. Asabar mai zuwa zan shiga mota.