Godiya ga jama'ar unguwar Bagalam ta Maraɗi bayan gobarar daren Laraba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana shida da gobarar da ta tashi a gidanmu, kuma sai yau hankalina ya kwanta har na iya zama in rubuta wannan. Alhamdu lillahi, ba a rasa rai ba.

Wajen ƙarfe biyu na dare ne, iskar hunturu na kaɗawa. Garwashin da muka bari a kasko don jin ɗumi ya kama zanar rumfa, kafin ka ce kwabo wuta ta haye ɗakin ajiya. Ihun maƙwabciyarmu ta bayan katanga ne ya tashe mu. Hajiya, Allah ya saka miki da Aljanna.

Inna ba ta iya tafiya tun bara, ita na fara goyowa waje. Uwargida ta fito da yara huɗu, ta ƙirga su a ƙofar gida, ta sake ƙirgawa. Sai na koma ciki. Hayaƙi ya riga ya cika ɗaki, na san abu guda kawai zan iya ɗauka. Ga keken ɗinkina a gefe, shekara 14 da shi nake ciyar da gidan nan. Ga kuma baƙar jaka ƙarƙashin katifa, mai takardun haihuwar yara, takardar fili, katin ɗan ƙasa da takardar BEPC, wato shaidar kammala ƙaramar sakandare, ta babbar 'yata. Wallahi hannuna kan keken ya fara sauka. Amma keke ana aro, ana saye bashi a biya da kaɗan-kaɗan. Takardar fili kuwa, gida ne da ni da ƙannena muka gada, ba nawa ni kaɗai ba. Na saki keken, na rungumi jakar.

Da na fito sai kayan ɗakin 'yata suka faɗo mini a rai, kwanuka da zannuwan da uwarta ta yi shekara uku tana tarawa da kuɗin adashi. Na juya zan sake shiga, dattijon da ke kallon gidanmu ya riƙe mini wuyan riga ya ce, "Malam, ka fito ke nan, ba ka komawa." Na yi ta fizga, bai sake ni ba. Muna cikin haka rufin ɗakin ya rufta. Baba, ban da bakin gode maka. 'Ya'yana ba su zama marayu ba saboda hannunka.

Ina godiya ga saurayin da ya yi wuf ya kashe wutar lantarki daga mita, da wanda ya gangaro da tukunyar gas waje tun wuta ba ta kai madafa ba. 'Yan garuwa sun juye jarkokinsu kaf, ko dala ba su karɓa ba. An kira lamba 18, 'yan kwana-kwana suka zo, lungunmu ya yi wa motarsu ƙunci, suka ja tiyo tun daga bakin titi har suka tare wutar kafin ta tsallaka gidajen maƙwabta.

Bayan sallar asuba liman ya yi sanarwa, kafin hantsi tsakar gida ta cika da fura, tabarmi da barguna. 'Yan uwa na Tibiri da Madarunfa sun zo jaje da ƙafarsu, na Katsina sun yi aike. Abokan sana'a na babbar kasuwa sun haɗa hannu sun kawo mini keke aro. Allah ya tsare ku da irin wannan dare.

Ranar Litinin in sha Allah zan koma aiki a zauren gida. Mutum biyar ne yadinsu ya ƙone a hannuna. Biyu sun riga sun ce sun yafe, Allah ya yafe musu. Sauran ukun don Allah ku zo mu zauna, zan biya.