Daga bakin injin buga fosta na zaɓi wanda zan jefa wa ƙuri'a

Sana'ata ɗab'i ce, bana shekarata 17 a kanta. Ƙaramar maɗaba'a gare ni, yara shida da injin Heidelberg ƙirar Jamus guda ɗaya wanda na saya na hannu, sai injin yanka da na ɗinki. Lokacin kamfen shi ne daminarmu, ba ma barci, fosta, kalanda, sitika, takardar rabawa a taro, duk jam'iyyar da ta kawo aiki muna bugawa. Shi ya sa kusan kullum sai wani ya tambaye ni wai kai da ka buga fuskar kowa, wa za ka zaɓa a shugaban ƙasa? To ina da ɗan takarata, kuma a cikin shagon nan na same shi.

Bari in fara da aikin kansa don ku gane inda na dosa. Hoton da kuke gani a bango kala huɗu ne kacal, shuɗi, ja, rawaya da baƙi, kowace kala da filetinta, wato farantin ƙarfen da ake fitar da hoto ko rubutu a kansa. Fileti ya ɗauki tawada ya ba wa roba, roba ta ba wa takarda. Injina mai kala biyu ne, don haka kowace takarda sai ta bi ta ciki sau biyu, kuma in saiti ya goce ko da kaurin gashi ne sai ka ga mutum ya fito da ido huɗu. To ka ɗauka ana tsakiyar zagaye na biyu aka ɗauke wuta, kafin a tada janareto tawada ta fara daskarewa a kan rola, sai an wanke, sai an sake saiti, takardun da za su lalace kafin kala ta dawo daidai kuwa daga aljihuna ne, rim guda takarda 500 ce amma wani lokacin ba 500 ke fita ba. Takardar kanta da tawada da fileti da kayan gyara duk daga waje ake shigo da su. Na sha yi wa kwastoma kuɗin aiki ranar Litinin, ya kawo kafin alƙalami ranar Alhamis, in je wajen dila in tarar kuɗin waje ya tashi, ribar ta tafi tun kafin in kunna inji. Wutar lantarki, darajar kuɗi, harajin kwastan, kuɗin ruwa a banki, waɗannan huɗun su ke riƙe da wuyan sana'ata, kuma duka huɗun wanda ke kan kujerar shugaban ƙasa da mutanen da zai naɗa suna da hannu a ciki.

Wata uku da suka wuce mutanen ɗan takarar nan suka kawo aikin da ba fosta ba, kundin manufofinsa ne mai shafi 64. Mu a al'adar aiki ba ma ƙona fileti, wato fitar da rubutun a kansa, sai mun karanta, domin kuskuren harafi ɗaya in ya hau inji ya zama kuskure dubu goma. Sau uku na karanta shi da fensir a hannu. Karatun farko harafi nake nema, a na biyu ne na ankara na daina duba harafi ina karanta maganar. Akwai shafi a kan ƙananan sana'o'i inda ya rubuta cewa duk wanda ya yi wa gwamnati aiki za a biya shi cikin wa'adi, kuma ya sa adadin kwanakin baƙi da fari, ya faɗi hukumar da za ta ɗauki alhaki in aka saɓa. Ya yi maganar haɗe haraje-harajen da ake karɓa barkatai su zama ɗaya. A maganar wuta bai ce zai gyara komai a shekara ɗaya ba, ya ce da wuraren da masu sana'a suka taru za a fara, ya jera matakan. Wallahi wannan ya shiga raina, domin ni a sana'ata maganar baki ba ta da nauyi, oda sai an rubuta adadi da girma da ranar karɓa, in ka rubuta ka ba ni igiyar da zan kama ka da ita. Wanda bai son a kama shi fuskarsa kawai yake bugawa da kalma biyu a ƙasa.

Ba duk abin da ke ciki na yarda da shi ba fa. Akwai inda ya yi alkawarin ayyukan yi masu yawa bai ce ga inda kuɗin zai fito ba, na ja layi a wurin na sa alamar tambaya, har yau tana nan.

Sai maganar bashi, wadda ita ce ta fi yi min ciwo. A zaɓen da ya wuce wata tawagar kamfen ta sa muka kwana huɗu muna aiki, suka ba da rabi, suka kwashe kaya, har yau rabin bai zo ba, lambar da nake kira ma an daina ɗauka. Sai da na ci bashi na biya yara albashin watan. Su kuwa mutanen wannan, da aka gama bugun wata takardar taro sai aka ga ranar da ke jiki ba daidai ba ce, muka ɗauko samfurin da suka sa wa hannu, kuskuren nasu ne, shugaban tawagar ya duba ya ce mu sake bugawa za su biya duka biyun, kuma suka biya a ranar. Na san ɗan takarar bai san da zamana a duniya ba. Amma su waye ya ɗora a kan kuɗinsa, kuma yaya suke yi wa ƙaramin mutum alhali ba kyamara a wurin? Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta. Wa'adin shugaba shekara 4 ne a wasu ƙasashe kamar Amurka, 5 a wasu kamar Faransa, ko wanne ne dai ya ishi ƙaramin kamfani ya tashi ko ya rufe.

Babban yarona mai tuƙa inji ba ɗan takarata yake yi ba. Ran nan muna wanke rola ya ce min, Maigida, ni tsaro ne a gabana, iyayena ba sa iya zuwa gona, kuma wancan nake ganin zai iya. Na ce masa dalilinka mai ƙarfi ne, ka je ka zaɓi wanda zuciyarka ta kwanta da shi, ba zan taɓa tambayarka me ka dangwala ba. Ranar zaɓe zan rufe shago kowa ya je layinsa.

Kwafi ɗaya na kundin yana cikin durowata tare da rasit-rasit, da layukan fensir ɗina a jiki, shafin wa'adin biyan kuɗi na naɗe gefensa. In ɗan takarata ya ci, shekara ɗaya cif zan ɗauko in duba abin da ya cika. Yau da daddare kuma fostar abokin hamayyarsa ce a kan inji, saura zagayen rawaya da baƙi, gobe da safe za su zo ɗauka.