Na je neman irin lemun da ba shi da iri

Ranar da zan tashi zuwa Meziko, Kawuna mai lambu a bakin rafi saƙo ɗaya ya ba ni: "Kai yaro, an ce ƙasar lemun tsami za ka. Ka taho mini da iri, ko cikin tafin hannu ne." Na ce in sha Allahu, Kawu.

Da na gama abin da ya kai ni babban birnin, sai na hau bas zuwa Martinez de la Torre a jihar Veracruz, garin da ke kiran kansa cibiyar lemun Farisa (wani nau'in lemun tsami) ta duniya. Mun baro tudu mai tsayin mita 2,240, muka ratsa Teziutlan cikin hazo da sanyi, sai gangara da kwana-kwana har kunnuwana suka toshe. Muna wuce Tlapacoyan na cire rigar sanyi. Zafi ne mai gumi irin na Lakwaja, ayaba ta ko'ina, sannan gonakin lemu iya ganinka har bakin kogin Bobos.

Washegari da sassafe tafinta ya kai ni gonar wani dattijo. Na iske masu tsinka a zaune suna shan gahawa, rana ta fito amma ba wanda ya motsa. A raina na ce lalaci. Ashe raɓa suke jira ta bushe, don in an taɓa lemun da danshi, man ɓawonsa kan fashe ya bar tabo, ɗan tabon nan kuwa ya isa a mayar da kaya. Haka launi: mu a gida mai ruwan ɗorawa muke cewa ya nuna, su kuwa kore shar suke nema, shi Amurka ke saye. Har rassa suke sassabewa don rana ta shiga, saboda gefen da ganye ya rufe fari yake yi.

Dattijon ya ce kasuwar ta buɗe musu sosai bayan guguwar Andrew ta 1992 ta kwantar da gonakin lemun jihar Florida ta Amurka. Abin da ke hana shi barci yanzu cutar HLB ce, wadda wani ɗan mitsitsin ƙwaro ke yaɗawa, ta kuma shigo Meziko a 2009. Farashi kuma sai lokacin sanyi yake tashi, daidai sa'ad da itatuwan suka rage haihuwa.

Sai na kawo maganar Kawu. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tsinko guda mai girman ƙwan kaza, ya raba shi biyu ya miƙo mini. Ruwa sharaf, amma ko ƙwallo ɗaya babu. Itacen ma kusan ba ƙaya. Ya ja ni wurin rainon dashe ya nuna mini yadda ake yi: aure ake yi masa. A yanko ido daga reshen uwa, a tsaga ɓawon wani ƙaramin lemu mai jure ƙasa, a cusa, a naɗe da leda. Bayan kamar shekara 3 ya fara 'ya'ya. Ke nan duk gonar nan itace ɗaya ne aka yi ta yaɗawa.

Reshe kuwa ba a tsallaka iyaka da shi haka kawai, saboda cutar nan.

Da dare na kira gida. "Kawu, lemun nan fa ba shi da iri." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ka koyo auren?" Na ce na gani dai. Ya ce in koma gobe in sa hannu.